Feɗe Babbar Lamba Har Wutsiya: Jagora da Misalin 720,720

Idan aka miƙo maka lamba mai alƙaluma shida ko bakwai aka ce ka faɗi halinta, tsawonta ne zai fara cika maka ido. Sai dai tsawo ba ya gaya maka abin da ke cikinta. Ɗauki 720,720 da wadda ke bi mata, 720,721. Ɗaya tak ce tsakaninsu, amma lambobi 240 ne ke raba ta farkon ba saura, ta biyun kuwa huɗu kacal. Kama da wane ba ta wane. Da waɗannan biyun za mu bi aikin daki-daki, domin duk abin da ya yi a kansu zai yi a kan kowace cikakkiyar lamba, wato wadda ba ta da rabi ko kwata a jikinta.

Takarda da biro da kalkuletan waya sun isa. Sai kuma mu daidaita baki a kan sunaye. Lambar da 2 ke rabawa ba saura ita ce cika, wadda ba ta rabawa kuma mara. Lambar da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13, 'yan makaranta na ce mata firam, a nan za mu kira ta gagara-raba. Wadda ke da wasu masu raba ta ban da waɗannan biyun, haɗaɗɗiya ce. Ita 1 ba ta cikin kowane ɓangare. Idan aka ninka lamba da kanta sau da yawa, kamar 2 × 2 × 2 × 2, za mu rubuta 2⁴ mu ce biyu hawa huɗu. Hawa biyu shi ne murabba'i: 49 murabba'in 7 ce, 7 kuma saiwar 49 ce.

Mataki na farko: duba wutsiya da jimillar alƙaluma

Kafin ka taɓa kalkuleta, alƙaluman ƙarshe za su ba ka labari kyauta. Alƙalami ɗaya na ƙarshe ne ke yanke hukuncin 2 da 5 da 10. Biyun ƙarshe ke yanke na 4 da 25, ukun ƙarshe na 8, huɗun ƙarshe na 16. Tamu ta ƙare da sifili, saboda haka cika ce, kuma 5 na raba ta. Biyun ƙarshe 20 ne: 4 ta shiga, 25 ba ta shiga ba. Ukun ƙarshe 720 ne, 8 ta shiga sau 90. Huɗun ƙarshe 0720, 16 ta shiga sau 45.

Ga 3 da 9 kuwa, tara alƙaluman za ka yi: 7 + 2 + 0 + 7 + 2 + 0 = 18. Tunda 9 na raba 18, tana raba lambar gaba ɗaya, haka ma 3. Dalilinsa mai sauƙi ne: 10 tara ce da ɗaya, 100 casa'in da tara ce da ɗaya, haka har sama. Idan ka kwashe taran-taran nan, abin da zai rage maka shi ne alƙaluman kansu.

Dabarar da ba a cika koyarwa a aji ba ita ce ta 7 da 11 da 13, alhali gwaji ɗaya ke kama su duka ukun, saboda 7 × 11 × 13 = 1001. Ka yanka lambar uku-uku daga dama, ka ɗauki kashin farko, ka ɗebe na biyu, ka ƙara na uku, ka ɗebe na huɗu. A tamu, 720 − 720 = 0, kenan duka ukun sun shiga. Gwada a kan mai tsawo, 4,294,967,297: 297 − 967 + 294 − 4 ya ba da −380. Manta da alamar ɗebewar, duba 380 kawai. Babu ɗaya cikin 7, 11 da 13 da ke raba 380, saboda haka babu mai raba babbar. Riƙe wannan lambar a ranka, za mu sake haɗuwa da ita.

Mataki na biyu: warware ta zuwa gagara-raba

Nan ne ainihin aikin yake. Kowace lamba da ta wuce 1, ko dai gagara-raba ce, ko kuma ninkin wasu gagara-raba ne, kuma hanyar warware ta ɗaya ce tak, ko ta ina ka faro. Tushen wannan magana yana cikin littafin Yuklid na Iskandariya tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Gauss na Jamus kuma ya kafa mata cikakkiyar hujja a 1801. Kusan duk abin da zai biyo baya a wannan jagora daga nan za a ɗebo shi, don haka kada ka yi gaggawa.

Fara da mafi ƙanƙanta, kuma kada ka bar ta sai ta ƙi shiga. Raba da 2: 720,720 ta koma 360,360, sai 180,180, sai 90,090, sai 45,045. Mun iso mara, 2 ta gama aikinta, sau huɗu ta shiga. Koma kan 3: 45,045 ta koma 15,015, sai 5,005. Jimillar alƙaluman 5,005 goma ce, 3 ta tsaya a sau biyu. Da 5: 1,001. Da 7: 143. Da 11: 13, ita kuma gagara-raba ce. An gama.

720,720 = 2⁴ × 3² × 5 × 7 × 11 × 13

Ninka su baya ka tabbatar: 16 × 9 = 144, sau 5 ya zama 720, sau 1001 ya zama 720,720. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya raba da 2 sau ɗaya ya wuce kan 3. Idan hawa ɗaya ya salwanta, duk lissafin da ke gaba ya rushe, kuma ba za ka gane ba sai can nesa.

Mataki na uku: idan lambar ta yi taurin kai

Wadda muka gama ta zo da sauƙi. Maƙwabciyarta 720,721 ba haka take ba. Abu ɗaya muka samu a ɓagas: duk lambar da ta raba 720,720 za ta bar saura 1 a kan 720,721, don haka 2, 3, 5, 7, 11 da 13 sun fita ba sai an gwada ba. Daga 17 za mu faro. To har ina za a tsaya?

Amsar ita ce saiwa. Idan lamba ta rabu gida biyu da aka ninka, dole ɗayansu bai wuce saiwarta ba, domin da duka biyun sun wuce, ninkinsu zai zarce lambar. Lissafa: 848 × 848 = 719,104, kuma 849 × 849 = 720,801. Tamu na tsakani. Ashe ba sai ka gwada lambobi dubu ɗari bakwai ba, gagara-raban da ba su wuce 848 ba kawai za ka gwada, su kuma 146 ne. In ba ka da jerinsu, yi abin da Eratostenis, mai kula da ɗakin littattafan Iskandariya, ya yi: rubuta lambobi a jere, soke duk ninkin 2, sai na 3, sai na 5, kamar mai tankaɗe gari a rariya. Abin da bai faɗa ba shi ne jerinka.

Sai haƙuri. A kalkuleta, in ka ga alƙaluma bayan ɗigo, ba ta shiga ba. 17 ta bar saura 6, 19 ta bar 13, 23 ta bar 16, 29 ta bar 13, 31 ta bar 2. Haka za ka bi 37, 41, 43, 47, 53, 59, 61, 67, duk a banza. A gwaji na goma sha huɗu ƙofa ta buɗe: 720,721 ÷ 71 = 10,151 cif.

Yanzu aiki ya koma kan 10,151, kuma iyaka ta sauko. Saiwarta ta ɗan haura 100 ne kawai. Ba ka bukatar komawa kan ƙananan da suka riga suka faɗi, domin abin da bai raba uwa ba ba zai raba wannan kason nata ba. Ci gaba daga inda ka tsaya: 71 kanta tukuna, sai 73, 79, 83, 89, 97. Babu wadda ta shiga, kenan 10,151 gagara-raba ce.

720,721 = 71 × 10,151

Akwai inda wannan hanyar ke wahalar da mutum ba gaira ba dalili, wato idan gagara-raban biyu manya ne kuma suna kusa da juna. A nan dabarar Fermat, wani alƙalin Faransa na ƙarni na 17 da ke lissafi a lokacin hutunsa, ta fi sauri. Ka nemi murabba'in farko da ya haura lambarka, ka ɗebe lambar daga cikinsa, ka duba ko abin da ya rage murabba'i ne. Misali 1,022,117. Murabba'in da ke samanta shi ne 1011 × 1011 = 1,022,121. Bambancin 4 ne, wato 2 × 2. Shi ke nan: ɗebe 2 daga 1011, ƙara 2 a kan 1011, ka sami 1009 × 1013. Taki ɗaya. Da ta hanyar gwaji ka bi, sai ka wuce gagara-raba 168 kafin ka iso 1009. In bai yi a karon farko ba, matsa zuwa murabba'i na gaba. Amma kada ka ɗora wa 720,721 wannan dabara, 71 da 10,151 sun yi nisa da juna, za ka daɗe kana tafiya.

Mataki na huɗu: ƙirga masu raba ta ba tare da ka jera su ba

Ɗauki hawan kowace gagara-raba, ƙara masa ɗaya, ka ninka sakamakon. Hawan tamu su ne 4, 2, 1, 1, 1, 1, saboda haka 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240. Me ya sa ake ƙara ɗayan? Duk mai raba ta ana gina ta ne da kayan da ke cikinta. Wajen 2, kana iya ƙin ɗauka, ko ka ɗauki ɗaya, biyu, uku ko huɗu, zaɓi biyar kenan. Wajen 3 zaɓi uku. Sauran kowacce ko ka ɗauka ko ka bari. Ta maƙwabciya 2 × 2 = 4 ne: 1, 71, 10,151 da ita kanta.

Wannan 240 ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Babu lambar da ke ƙasa da 720,720 da ta kai haka, ta kusa da ita ita ce 665,280 mai 224. Lambar da ta fi duk na ƙasa da ita yawan masu raba ta tana da aji na musamman, wanda Ramanujan na Indiya ya yi dogon rubutu a kansa a 1915. Jerin ya faro da 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, kuma 360 na cikinsa. Ƙasa da miliyan ɗaya babu wadda ta wuce 240, sai dai wasu sun yi kunnen doki da ita, kamar 831,600.

Haka kuma 720,720 ita ce mafi ƙanƙantar lambar da duk lambobi daga 1 zuwa 16 ke rabawa ba saura. Hanyar ganewa: daga kowace gagara-raba ka ɗauki hawa mafi girma da bai wuce 16 ba, wato 16, 9, 5, 7, 11, 13, ka ninka. Malaman rabon gado sun saba da irin wannan nema. Idan tumuni da sudusi suka haɗu a gado ɗaya, sai a nemi asalin da 8 da 6 za su raba, a sami 24. Aikin ɗaya ne, girman ne ya bambanta.

Wani abin da ya faɗo daga nan: 720,722 na rabuwa da 2, 720,723 da 3, haka har 720,736 da 16 ke rabawa. Lambobi goma sha biyar a jere babu gagara-raba ko ɗaya, kuma ba mu gwada ko guda ba.

Mataki na biyar: tara su, ka san ajinta

Tsofaffin masana sun kasa lambobi gida uku bisa jimillar masu raba su, ban da lambar kanta. Idan jimillar ta yi daidai da lambar, kammalalliya ce: 6 = 1 + 2 + 3, haka 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Idan ta haura, mai rara ce, kamar 12 da jimillarta ta kai 16. Idan ta gaza, mai giɓi ce. Wannan kason yana cikin littafin Nikomakus na wajen shekara ta 100 miladiyya, kuma Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya mayar da littafin zuwa Larabci.

Ba wanda zai zauna tara lambobi 240 ɗaya bayan ɗaya. Ga gajeriyar hanya: ga kowace gagara-raba, tara hawa-hawanta tun daga 1, sannan ka ninka jimillolin. Na 2: 1 + 2 + 4 + 8 + 16 = 31. Na 3: 1 + 3 + 9 = 13. Sauran: 6, 8, 12, 14. Ninka a hankali: 31 × 13 = 403, sau 6 ya ba da 2,418, sau 8 ya ba da 19,344, sau 12 ya ba da 232,128, sau 14 ya ba da 3,249,792. Wannan jimillar ta haɗa da lambar kanta, sai a cire ta: 3,249,792 − 720,720 = 2,529,072. Rarar ta yi yawa, domin jimillar ta fi ninki uku da rabi na lambar. In ka raba cikakkiyar jimillar da lambar za ka sami kimanin 4.509, kuma babu lambar da ke ƙasa da ita da ta kai wannan mizani. Maƙwabciya kuwa 1 + 71 + 10,151 = 10,223 ne kawai, giɓi mai zurfi.

Kada ka sa ran cin karo da kammalalliya a hanya. Bayan 6, 28, 496 da 8,128, ta biyar sai 33,550,336. Yuklid ya nuna yadda ake gina su: nemi hawan 2 wanda in an ɗebe masa ɗaya zai zama gagara-raba, kamar 8,192 − 1 = 8,191, ka ninka da rabin hawan, 4,096. Euler, masanin lissafi ɗan Switzerland, ya tabbatar cewa duk kammalalliyar da take cika ta wannan hanyar ta fito. Ko akwai kammalalliya mara? Har yau ba a sami ko ɗaya ba, ba a kuma tabbatar da cewa babu ba. Ita mai rara mara akwai ta, ta farko 945.

In kana da sauran ƙarfi, ɗauki jimillar da ka samu ka yi mata irin wannan lissafin. Idan ta dawo da kai kan lambarka ta farko, ka sami masoya biyu, irin 220 da 284: masu raba 220 sun taru sun ba da 284, na 284 sun ba da 220. Sabit bin Ƙurra ya fitar da ƙa'idar samo irinsu.

Mataki na shida: siffa

Murabba'i ce? Duba hawa-hawan: sai duk sun zama cika. Na 5, 7, 11 da 13 ɗaya-ɗaya ne, saboda haka a'a. Tun daga wutsiya ma an gani, domin murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8, in kuma ya ƙare da sifili to sifili biyu ne aƙalla. Babban murabba'in da ke ɓoye a cikinta shi ne 144. In jarrabawa ta tambayi mafi ƙanƙantar lambar da za a ninka ta da ita ta zama murabba'i, ninka waɗanda hawansu mara ne: 5 × 7 × 11 × 13 = 5,005. Sakamakon shi ne murabba'in 60,060.

Mai kusurwa uku ce, wato jimillar 1 + 2 + 3 har zuwa wani wuri? Ninka ta da 8, ƙara 1, duba ko murabba'i ne. 5,765,761 ta faɗa tsakanin murabba'in 2,401 da na 2,402, saboda haka a'a. Ta kusa dai, jimillar 1 zuwa 1,200 ita ce 720,600.

Za a iya rubuta ta a matsayin murabba'i biyu da aka tara? Nemi gagara-raban da ke barin saura 3 in an raba su da 4. A tamu 3, 7 da 11 ne. Dole kowacce ta zo da hawa cika. 3 ta cika sharaɗi, 7 da 11 sun karya shi, kenan ba zai yiwu ba, kada ka ɓata dare kana nema. Da uku kuwa ya yiwu: 848² + 40² + 4² = 719,104 + 1,600 + 16. Da huɗu, Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba na yiwuwa, saboda haka wannan ba abin yi wa lamba kirari ba ne.

Wadda ta fi burge ni a wannan sashe ita ce ta lambobi masu bin juna, kamar 240,239 + 240,240 + 240,241. Hanyoyi nawa ke akwai? Ƙirga masu raba ta da suke mara, wato ka yi watsi da 2 gaba ɗaya: 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 48. Cire ɗaya, wadda ita ce lambar tsaye ita kaɗai, saura hanyoyi 47.

Mataki na bakwai: waɗanda ba su haɗa komai da ita ba

Lambobi nawa ne daga 1 zuwa 720,720 da ba su da mai raba su ɗaya da ita sai 1? Wannan ƙidayar Euler ce. Ga kowace gagara-raba, ɗebe mata ɗaya, in kuma hawanta ya wuce ɗaya ka ninka da ita sau abin da ya rage na hawan. Na 2⁴: 1 × 8 = 8. Na 3²: 2 × 3 = 6. Sauran 4, 6, 10, 12. Ninkinsu 138,240, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. Na maƙwabciya 70 × 10,150 = 710,500, kusan duka.

Mataki na takwas: raba hali da ado

Shafukan intanet da ke jera siffofin lambobi sukan zuba komai a kwando ɗaya, kuma a ganina nan ne suke rikita mai koyo. Wasu siffofin na lambar ne, wasu kuma na yadda muka rubuta ta ne. Kasancewarta mai rara, ko mai masu raba ta 240, ba zai canza ba ko da wane irin rubutu aka yi ta. Amma a ce ta karantu daidai daga dama da hagu, ko a ce jimillar alƙalumanta na raba ta, wannan ya rataya ne a kan ƙirgen goma-goma da muka gada. Tamu tana da ta biyun: 720,720 ÷ 18 = 40,040. Kaprekar, wani malamin makaranta a Indiya, shi ya raɗa wa irinsu suna harshad. Abin nishaɗi ne, ba laifi, amma ba ya gaya maka yadda aka gina lambar.

Gwajin da zai raba maka gardama shi ne ka sauya ƙirge. A ƙirgen biyu-biyu na kwamfuta, ka yi ta rabawa da 2 kana rubuta saura, sannan ka karanta daga ƙasa zuwa sama. Za ka sami 10101111111101010000, alƙaluma ashirin. A ƙirgen sha shida-sha shida kuma, inda haruffan A zuwa F ke tsayawa a madadin 10 zuwa 15, AFF50 ce. Ina maimaicin 720 da 720 ɗin da ya ƙawata ta? Ya ɓace. Sifili huɗun da ke wutsiya kuwa 2⁴ ɗin nan ne ya fito fili. Duk da haka ado na iya zama manuniya: duk lamba mai alƙaluma shida da rabinta na farko ya maimaitu, kamar 315,315, to 1001 na cikinta. Ka karɓi alamar, ka bi ta har ka isa ga gagara-raban.

Mataki na tara: idan ta fi ƙarfin hannu

Gwaji ɗaya-ɗaya yana yi har zuwa alƙaluma bakwai ko takwas in kana da juriya. Daga nan sai a canza salo, kuma tambayar ta rabu biyu: gano ko lamba gagara-raba ce abu ne mai sauƙi ga na'ura, gano waɗanda suka haɗa ta kuwa shi ne mai wuya.

Manya ma sun yi tuntuɓe a nan. Fermat ya zaci 4,294,967,297 ɗin da muka gani a baya, wato 2³² + 1, gagara-raba ce. Sai a 1732 Euler ya nuna cewa 641 × 6,700,417 ce. Lucas ya gano a 1876 cewa 2⁶⁷ − 1 haɗaɗɗiya ce ba tare da ya san masu raba ta ba, sai a 1903 Frank Cole ya fito da su: 193,707,721 × 761,838,257,287.

Gwajin farko da ake yi ya samo asali daga Fermat. In lamba gagara-raba ce kuma mara, to 2 mai hawan da ya gaza lambar da ɗaya zai bar saura 1 in an raba shi da ita. In saura ya zo daban, haɗaɗɗiya ce, babu tantama. In ya zo 1, kada ka yi saurin murna. 341 ta ci wannan gwajin alhali 11 × 31 ce. 561, wato 3 × 11 × 17, ta fi ta wayo: ko ka sauya 2 da wata lamba, muddin ba su haɗa mai rabawa ba, za ta ci. Shi ya sa manhajoji ke amfani da gwajin Miller da Rabin, wanda a kowane zagaye damar haɗaɗɗiya ta kuɓuta ba ta wuce ɗaya cikin huɗu ba, sai a maimaita shi sau da yawa. A 2002 masana uku a Kanpur ta Indiya, Agrawal da Kayal da Saxena, suka kawo gwajin da ke ba da tabbaci cikin lokacin da bai wuce kima ba. Lambobi masu siffar hawan 2 a ɗebe ɗaya suna da nasu gwajin mai sauri, shi ya sa su ke riƙe da kambun gagara-raba mafi girma da aka sani: wadda aka gano a Oktoban 2024, 2 mai hawa 136,279,841 a ɗebe 1, tana da alƙaluma 41,024,320.

Warwarewa kuwa har yanzu tana ba manyan kwamfutoci wuya. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka fito da shi a 1977, a kan wannan wahalar ya dogara: lamba irin 720,721, gagara-raba biyu da aka ninka, sai dai mai alƙaluma wajen 617. Wanda ya san biyun zai fitar da ƙidayar Euler nan take kamar yadda muka yi a mataki na bakwai, wanda bai sani ba kuwa ya makale. Mai alƙaluma 250 sai a Fabrairun 2020 aka iya warware ta.

Don aikin yau da kullum, shafin lissafi na WolframAlpha zai warware maka lamba a waya. Manhajar PARI/GP kyauta ce kuma don wannan aka yi ta, harshen kwamfuta na Python ma na riƙe lamba komai tsawonta. In kana son sanin jerin da lambarka ta shiga, rubuta ta a OEIS, taskar da Neil Sloane ya faro tarawa a 1964. Ka fara yi da hannu tukuna a kan 720,719, maƙwabciya ta ƙasa: gagara-raba uku ne a cikinta, kuma saura 2 ɗin da 31 ta bari ɗazu ba a banza ya zo ba.

Hattara da kayan aikin da ba don wannan aka yi su ba. Yawancin kalkuletocin ɗalibai alƙaluma goma suke nunawa, sauran su dunƙule. Excel kuma alƙaluma 15 kawai yake riƙewa: rubuta 1234567890123457 ka danna, zai mayar da 7 ɗin ƙarshe sifili bai ce maka komai ba. Lambar da take mara ta koma cika, har 10 na raba ta. In dole sai ka ajiye doguwar lamba a can, mayar da gidan na rubutu kafin ka shigar da ita, lissafin kuma ka kai shi wani wuri.